Tarun Ci: Littafin Aikinmu a Tafkin Bagaruwa

Asabar, 25 ga Satumba, 2021

Yau muka sa hannu, ni da ɗalibaina goma sha ɗaya. Wurin aikin shi ne tafkin da ke bayan gonakin jaruf, wato na gaɓar kogi, na ƙauyenmu, tsakanin Mai Wurno da Sinja a ƙasar Sudan, irin wanda Larabawan nan ke kira maya. Kowace shekara idan Bahar Azraƙ, wato Shuɗin Kogin Nilu, ya cika ya batse a watan Agusta, yakan tsallako ya cika wannan kwari har ya haɗiye gindin itatuwan bagaruwa, sannan ya ja da baya ya bar ruwan a kulle. Da damina ta ɗauke, babu mai ƙara masa ko ɗigo sai wata shekara. Shi ya sa na zaɓe shi. Ɗaki ne mai rufaffiyar ƙofa, ana iya bin sawun abin da ya shiga da abin da ya fita.

Niyyarmu kafin ruwan ya ƙafe ita ce mu zana wa ke cin wa a cikinsa, a kan babban kwali, kuma kada mu ja kibiya ko ɗaya sai wadda idonmu ya shaida.

Na ce kowa ya fara zana abin da ya sani. Hoto guda suka miƙo mini dukansu, na littafin makaranta: ciyawa, fara, kwaɗo, maciji, shaho, a jere kamar raƙuman ayari. Yawancinsu ma sun juya kan kibiyar, daga shaho zuwa maciji, wai ai shi ne mai kai farmaki. Kibiya kuwa abincin take bi, daga wanda aka ci zuwa cikin wanda ya ci. Wannan kaɗai ya cinye mana hantsi.

A aji da Larabci muke karatu, a bakin ruwa Hausa ce ke fitowa. Ina ta fama da kalmar shabaka, wadda littafi ke kiran saƙar wa ke cin wa da ita, sai dattijon masuncin da ya ara mana kwalekwale, wanda kowa a gari Baba yake ce masa, ya ɗago kai daga ɗinkin da yake yi ya ce, "Ustaz, shabaka ai taru ne. Ka ja ƙulli ɗaya, sauran duk su motsa." Nan take aikin ya sami suna.

Doka ɗaya na kafa: ba mai shiga ruwa sai da takalmin roba. Tsargiya a nan ba labari ba ce, dodon koɗin da ke goyon tsutsarta yana maƙale a ciyawar bakin ruwa.

Asabar, 9 ga Oktoba

Kwalabe shida muka cika da ruwan tafki, kowace da reshen ciyawar ruwa a ciki. Uku muka bari a rana, uku muka naɗe da baƙar leda. Kafin azahar na rana sun tara ƙananan kumfa a jikin ganye, suna ɓallewa suna hawa sama. Na cikin leda shiru. Kumfan nan iskar oksijin ce. Ganyen ya ɗauki iskar kabon da ruwa, hasken rana ya ƙulla su suka zama sukari, oksijin ya rage aka zubar. Duk mai numfashi a tafkin nan, daga tsutsar sauro har guza, a kan wannan sukarin yake rayuwa, ko ya ci da kansa ko ya ci wanda ya ci.

Da muka tace ruwan da farin mayafi, sai ya fito kore kamar an shafa masa lalo. Gansakuka ce ƙanana da ido ba ya iya warewa, kuma ita ce babbar tukunyar tafkin, ba ciyawar da muke gani ba.

Abu biyu ne ke tafiya a cikin kowace loma, littafi yana kiransu ɗaƙa da madda. Rediyo na cewa makamashi, amma yara da sun ji kalmar sai hankalinsu ya tafi kan fetur da wutar lantarki. Na zaɓi ƙarfi da kayan gini. Misalin ma a gabanmu yake: katangar laka in ta faɗi, a jiƙa ƙasarta a sake buga tubali, itacen da aka ƙona a kaminar gasa tubali ta bakin bahar kuwa ba ya ƙonuwa sau biyu. Wata ɗaliba, wadda magana ba ta wuce ta ba ta ɗanɗana ba, ta ce, "To Ustaz, toka fa? Da hayaƙi?" Ta fi ni gaskiya. Toka da hayaƙi kayan gini ne, suna nan, wata bishiya za ta sake sha. Zafin ne ya tafi, kuma babu ganyen da ke iya kamo zafi ya mayar da shi sukari.

Asabar, 16 ga Oktoba

Ranar da ta fi kowace amfani zuwa yanzu, kuma ta fi kowace ƙarni. Da sassafe muka je wurin matan da ke gyaran kifi muka roƙi kayan ciki, abin da dama kaji da kyanwoyi ake watsa wa. Wata gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ustaz, albashin ne bai fito ba?" Aka yi ta dariya, amma ta cika mana roba.

Karfasa, wadda kasuwa ke kira bulɗi, hanjinta siriri ne a naɗe kamar zaren saƙa. Da muka warware shi a kan allo ya ninka tsawon kifin sau da dama, cike da koren kunu. Abincin ganye wuyar narkewa gare shi, sai da doguwar hanya. Tsage mai haƙora kamar ƙusa gajeren hanji gare shi da tumbi kamar jaka, a ciki 'yan kifi ne zalla, ɗaya ma ɗan tsage ne ɗan'uwansa. Kurungu kuwa ɓawon dodon koɗi ne a farfashe, da jajayen tsutsotsi, da laka.

Tarwada ce ta rushe mana lissafi. 'Ya'yan kwaɗi, fiffiken ƙwaro, ƙwayar dawa, ɗan karfasa, ruɓaɓɓen ganye, har da gashin tsuntsu. Wani ɗalibi ya tambaya a wane mataki za mu ajiye ta, na biyu, na uku ko na huɗu. Na ce duka. Ya ce jarrabawa ba ta karɓar duka. Haka ne, sai dai wannan laifin jarrabawa ne, ba na tarwada ba.

Baba ya ƙara dagula mana zane. Ya ce ɗan karfasa in ya fito daga bakin uwarsa ƙananan halittun ruwa yake tsinta, sai ya girma yake komawa kan gansakuka. Tsutsar mazari takan cafke ɗan kifi, amma in ɗan kifin ya tsira ya yi ƙwari shi ke haɗiye ta. Kibiya biyu ke nan tsakanin halittu biyu, wata ta tafi wata ta dawo, shekaru ne kawai ke raba gardama.

Da yamma na gaya musu cewa maganar ba sabuwa ba ce. Al-Jahiz, malamin Basara da ya rasu wajen shekara ta 868, ya bayyana a littafinsa na dabbobi yadda sauro ke shan jinin manyan namun daji, ƙuda kuma ya farauci sauro, mai farauta shi ma ana farautarsa. Wanda ya kafa zancen a kimiyyar zamani shi ne Charles Elton na Ingila, a 1927.

Asabar, 20 ga Nuwamba

Wata guda ba rubutu. Tun juyin mulkin soja na 25 ga Oktoba al'amura suka tsaya a ƙasa, makaranta yau a buɗe gobe a rufe, intanet ma shekaranjiya ya dawo. Tafkin bai jira mu ba, ya ja baya har gindin bagaruwar gabas ya fito fili. Ɗalibai biyu sun tafi girbin riɗi da dawa wajen Gadarif. Saura tara.

Asabar, 27 ga Nuwamba

Uwargida ta ba ni tsohon gidan sauro bayan dogon ciniki. 'Yan matan suka ɗinka ƙananan jakunkuna, muka zuba wa kowace busasshen ganye cikin gwangwanin madara ɗaya. Wasu muka nutsar a lakar tafki da dutse, wasu muka ajiye a ƙasa ƙarƙashin bagaruwa, wasu muka rataye a reshe inda ba su taɓa ƙasa ba. Za mu buɗe bayan mako bakwai.

Dalilin wannan shi ne, a kwalinmu akwai kibiyoyi fiye da talatin, amma babu ko ɗaya da ta fito daga gawa. Kamar a tafkin nan ba a mutuwa sai an cinye mutum da rai.

Asabar, 18 ga Disamba

Sanyi ya sauka. Ba mu je tafki ba, bayan garken wani maƙwabci muka je, inda aka tara kashin shanu da ƙaiƙayi aka yayyafa ruwa don takin albasa. Da asuba tururi ke tashi daga tsibin. Na sa kowa ya cusa hannu har gwiwar hannu. Duk suka zaro da sauri, wai akwai wuta a ciki.

Babu wuta. Ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke cin abin da saniya ta bari, suna numfashi kamar yadda muke yi, zafin aikinsu ne ya taru saboda tsibin ya hana shi fita. Na ce su ji hammatarsu, su ji bayan akuya. Zafi ɗaya ne. Hasken da ya sauka a gonar dawa da damina shi ne ke fita daga tsibin nan da sanyin safiya, kuma daga nan ba shi da wata tasha sai sararin sama. Wata uku ina faɗin wannan a allo yana wucewa ta bayan kunnensu, yau kashin shanu ya karantar da su kafin rana ta fito.

Asabar, 15 ga Janairu, 2022

Mun buɗe jakunkunan.

Na reshe suna nan yadda muka sa su, sai ƙura. Na ƙasa kuwa gara ta yi musu ginin laka, ta huda ragar, ta kwashe ganyen kusan ƙaf. Jaka ɗaya ma igiyarta kawai muka samu. Na cikin ruwa su suka tsayar da mu har azahar. Ganyen ya yi baƙi ya yi santsi, wani ya zama jijiya kawai kamar rariya, kuma jakar cike take da rai: jajayen tsutsotsi, ƙananan dodon koɗi, wasu ƙwari masu gudu in an taɓa. Santsin nan naman gwari ne da ƙwayoyin bakteriya da suka lulluɓe ganyen. Tsutsar ba ganyen take so ba sosai, wannan shafen take lasa, kamar yaron da aka ba burodi da man gyaɗa.

Jajayen tsutsotsin su ne muka gani a cikin kurungu a watan Oktoba. Ke nan hanyar ta fito: ganyen bagaruwa ya faɗo, ya ruɓe, tsutsa ta ci, kurungu ya ci tsutsa, gwaggo ta soya kurungu. Babu inda aka ci ɗanyen ganye a wannan layin, kuma a ganina shi ne layi mafi kauri a tafkin. A dazuzzukan duniya ma haka abin yake: abin da masu cin ganye ke ci da ransa yawanci bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da itatuwa suka samar ba, sauran sai ya mutu ya faɗi ake cinsa. Littafin makaranta yana ajiye masu ruɓarwa a gefen shafi kamar 'yan shara da ke zuwa bayan an tashi biki, alhali kuwa a wurinsu akushin yake.

Wani ɗalibi ya zuba tsutsotsin a kwalba da ɗan laka ya rufe da raga ya kai gida. Irin waɗannan ne ke rikiɗa su zama nimitti, ƙananan ƙwarin nan da ba sa cizo amma suke rufe fitila da dare a garuruwan bakin bahar, su shiga miya, su tayar wa masu asma da ciwo. Tsaka tana jiransu a bango, gizo-gizo a lungu, jemage a sama. Wato lakar tafki tana tashi da fiffike ta shigo mana ɗaki. Na yi kuskure da na kira wurin ɗaki mai rufaffiyar ƙofa; ruwa ne kawai aka kulle.

Mun manna wa kwalin wani kwali a ƙasa, muka rubuta LAKA da manyan baƙaƙe.

Asabar, 5 ga Fabrairu

Ranar lissafi, a ƙarƙashin inuwa. Tambayar ta fito ne daga bakin Baba, ko da yake shi ba tambaya yake yi ba. Ya ce a tsawon rayuwarsa bai taɓa jan taru ya ga tsage ya fi karfasa yawa ba, kuma giwan ruwa babba in an samu ɗaya a wuri ba a cika samun na biyu ba.

Dalili shi ne kowane mai ci yana zubar da mafi yawan abin da ya ci. Wani ya fita kashi, mafi yawa ya ƙone a numfashi da motsi ya zama zafi, ɗan kaɗan ne ke zama tsoka wadda na gaba zai samu. Raymond Lindeman, wani matashi Ba'amurke da ya yi shekaru yana auna wani ƙaramin tafki a jihar Minnesota, shi ya fara jera wannan da lissafi. Takardarsa ta fito a 1942, watanni kaɗan bayan rasuwarsa yana da shekara 26, kuma da farko ma mujallar ƙin karɓa ta yi. Daga aikinsa aka samo ƙiyasin nan na kashi ɗaya cikin goma.

Na rubuta musu alƙaluman Howard Odum na maɓuɓɓugar Silver Springs a Fulorida, na 1957, da ma'aunin ƙarfi na kilokalori a kowace murabba'in mita a shekara. Hasken rana da ya sauka, 1,700,000. Abin da tsirrai suka kama, 20,810. Masu cin tsirrai, 3,368. Masu cin waɗannan, 383. Na can ƙololuwa, 21. Yara suka raba da kansu: tsirrai sun kama ɗan abin da ya haura kashi 1 cikin 100, sannan kashi 16, da 11, da ƙasa da 6. Goman nan ashe ba doka ba ce, tsaka-tsaki ce. Abin da ya bi ta hannun masu ruɓarwa a wannan lissafin ya haura 5,000, ya fi na masu cin tsirrai. Na ja masa layi biyu.

Shi ya sa matakan ba sa wuce huɗu ko biyar, shi ya sa babu dabbar da sana'arta cin manyan kadoji ce, ba don tsoro ba, don abincin ba zai riƙe ta ba. Dabbobi masu ɗumin jiki sun fi kowa asara, domin kullum murhunsu a kunne yake. Kashi 1 zuwa 3 ne kawai na abin da jikinsu ya sha ke zama nama, kifi da ƙwari sun fi su tattali nesa. Ɗalibar nan mai tambayar toka ta ce, "To shi ya sa kilon nama ya fi kilon dawa tsada." Na ce wannan da kuma mahauta.

Asabar, 26 ga Fabrairu

Ranar Laraba aka wayi gari da matattun 'yan kifi a kusurwar kudu, ciki sama. Ruwa ba ya tsami banza. Mun tarar da gwangwanin maganin feshi a cikin ciyawa. Wani ne ya wanke famfonsa a wurin bayan ya fesa wa tumatir. Ban nemi sanin ko wane ne ba, na dai kai magana wurin dattawa bayan sallar Juma'a. Balbelu da shirwa sun riga mu zuwa, sun yi ta kwasa. Wannan ya fi matattun kifin damuna.

Ƙarfi raguwa yake yi in yana hawa mataki, amma gubar da jiki ba ya iya narkarwa ko fitarwa taruwa take yi, domin kayan gini ce, ba ta ƙonewa ta zama zafi. A tafkin Clear Lake na Kalifoniya an zuba maganin DDD a 1949 da 1954 da 1957 don kashe wasu ƙwari irin nimittinmu. A ruwa bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan 50 ba. A kitsen tsuntsayen da ke nutso suna cin kifi kuwa an sami har kashi 1,600 cikin miliyan, ninki dubu 80, suka yi ta mutuwa. Zaiba ma haka take yi, ita ta jawo cutar Minamata a Japan da aka gano a 1956 ta hanyar kifi. Yayyen wasu daga cikin ɗalibaina suna wurin haƙar zinariya a arewa, da zaiba suke kama zinariyar da hannu. Da na faɗi wannan ajin ya yi tsit.

Kawuna, wanda ya yi shekaru yana aikin auduga a gonarsa ta shirin noman rani na Jazira, ya ba su nasa labarin da dare. Tun shekarun 1940 aka fara fesa wa audugar DDT, daga baya jirgin sama ke yi, feshin daga sau ɗaya ya koma sau da dama a shekara. Maganin ya kashe ƙwaron da aka nufa, ya haɗa da ƙananan zanzaro da sauran masu cin farin ƙuda. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 farin ƙudan da a da ba a kula da shi ba ya zama sarki, yana zubo danƙo kamar zuma a kan auduga har ta riƙa manne wa injin masaƙa, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya. Kawu bai san kalmar shabaka ta littafi ba. Cewa ya yi, "Mun kashe masu gadi muka bar ɓarawo."

Asabar, 19 ga Maris

Ruwan ya koma kamar sulusin yadda muka same shi. Kifi ya matsu, tsuntsaye sun sami labari. Zalɓe a tsaye kamar an dasa shi, balbelu, shirwa, da baƙin hunturu masu dogayen ƙafafu da ke shirin komawa Turai da Asiya da kitsen da suka tara daga tsutsar lakarmu. Ƙarƙashin bishiyar da balbelu ke kwana ƙasa ta yi fari fat da kashi. Kifin tafki ne ya hau tudu ya zama taki.

'Ya'yan bagaruwa sun fara zuba. Awaki na ci, majema na tsinta, sauran na faɗawa ruwa. Kibiya uku daga abu ɗaya.

Asabar, 16 ga Afrilu

Azumi, ga zafi, don haka makon jiya bayan asuba muka fita. Mun tarar da karfasa sun taso saman ruwa suna haƙi baki buɗe. Da rana gansakuka na zuba oksijin, da dare ta daina, amma kowa na ci gaba da shaƙa, har ita kanta, ga rundunar laka da ba ta barci. Ruwan ɗumi kuma dama ba ya riƙe iska da yawa. Kafin gari ya waye an shanye. Tarwada ko a jikinta, tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita.

Baba ya ce in an ga haka lokacin su ya yi, in ba a kwashe ba ruwa zai kashe. Ranar Litinin gari ya fito da koma da taru, an yi buɗa-baki da kifi kwana uku, sauran an shanya. Dokar takalmin roba ta mutu a ranar, har da ni a cikin masu laifi. Na rubuta sunayen waɗanda suka shiga, bayan salla za mu je asibiti a duba fitsari.

A kwalinmu mun manta da mutum. Yau aka zana shi, kibiyoyi tara suka nufe shi.

Asabar, 14 ga Mayu

Tafki ya ƙafe, lakar ta tsattsage kamar tafin ƙafar manomi. Masu amalanken jaki na ɗiba suna kai wa gonakin lambu, muka bi su da kwandunanmu muka ɗebo na fulotin makaranta.

Wannan baƙar ƙasa kashi biyu ce. Akwai abin da tafkin ya tara bana, ganye da kashi da gawa. Akwai kuma abin da bahar ya kawo daga tsaunukan Habasha, dutsen da ruwan sama ya niƙe. Sinadarin fosfaras da ke cikin ƙashi da haƙori ba ya zuwa ta iska, daga dutse yake fitowa. Kakanninmu da suka iso nan bayan yaƙin Burmi na 1903 da ƙashin ƙasar Hausa suka zo. Mu da aka haifa a kan dawar jaruf da kifin bahar, namu da dutsen Habasha aka gina shi. Na faɗa wa Baba haka, ya ce in dai ba za a nemi takardar zama ba, ya yarda.

Madatsa kan tare wannan laka. Ta Sinnar, wadda aka gama a 1925, laka ta cinye fiye da rabin cikinta; ta Rusairis ta zo a 1966; babbar madatsar Habasha kuma ta fara tara ruwa a Yulin 2020. Ruwa zai ci gaba da zuwa, amma in cikar Agusta ta daina tsallakowa, ko ta zo da ruwa garai-garai ba laka, tafki irin wannan da gonakin jaruf su ne farkon masu ji a jika. Abin da ya sa nake son a ci gaba da aikin nan shekara da shekaru ke nan.

Naitirojin kuwa hanyarsa daban. Kashi 78 cikin 100 na iska shi ne, amma ganye ba ya iya ɗauka daga can, sai wasu bakteriya da ke zaune a ƙulle-ƙullen saiwar gyaɗa da wake da bagaruwa da gawo sun kamo shi. Gawon, wanda a nan ake kira haraz, da damina yake zubar da ganye, daidai lokacin da dawar da ke ƙarƙashinsa ke bukata. Mun tuge wani waken lambu, yara suka fasa ƙullin da farce, cikinsa ja-ja.

Asabar, 11 ga Yuni

Shamuwa ta iso, tana bin fara a fili bayan yayyafin farko. An ƙara ta a kwali, ita ce halitta ta arba'in da ɗaya. Kibiyoyin ƙarfi mun yi su da jan alli, kowace da ɗan reshe mai fita waje an rubuta zafi. Na kayan gini da baƙi, suna zagayowa ta laka. Kwalin ya yi cunkoso har shugaban makaranta ya tambaya ko taswirar birnin Umdurman ce.

Abin da ya rage: fulotin makaranta mun raba shi biyu, rabi da lakar tafki rabi ba ita, dawa iri ɗaya, shuka in ruwa ya zauna. Yara uku fitsarinsu ya nuna tsargiya, sun sha magani. Mun kafa sanda mai zane a tsakiyar kwarin don mu san ranar da bahar zai shigo bana da iyakar inda zai kai. Baba ya ce sandar ta yi gajarta, zai kawo gora ranar Talata.